Malama a Ingila: Abin da Ke Jiranta Bayan An Sauka Daga Jirgi

Tun daga ranar 1 ga Fabrairun 2023, lokacin da gwamnatin Birtaniya ta buɗe wa malaman Najeriya da Gana da wasu ƙasashe ƙofar neman shaidar koyarwa a Ingila tun suna gida, maganar ta shigo gidajenmu. A gidan suna za ki ji ta, a zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai ma za ki ji ta: wance ta samu, wane yana kan hanya. Wataƙila ke ce malamar. Wataƙila maigida ne, ko ƙanwarki, ko 'yarki ta fari da kika sha wahalar karatunta. Ko wace ce ke a cikinsu, yawancin abin da ake gaya miki a bakin jirgi yake tsayawa: yadda ake cike fom, yadda ake samun biza, da nawa albashin zai kama idan aka juya shi zuwa naira. Abin da ke biyo bayan sauka ba kasafai ake faɗa ba, domin wadda ta tafi ba ta son a ce ta kasa, ba ta kuma son ta ɗaga wa mahaifiyarta hankali.

Ni ba malama ba ce. Jinya nake yi, kuma a nan Ingila nake aiki. Sai dai baƙunta ɗaya ce, kuma malamai mata sababbin zuwa sun sha zama a falona muna shan shayi, wasu suna dariya, wasu suna share hawaye da bakin mayafi. Abin da na lura da shi shi ne, ilimin da suka zo da shi bai taɓa zama matsala ba. Wadda ta iya lissafi a Zariya ta iya shi a Bamingam. Abubuwa biyu ne suka baro a gida waɗanda ba sa shiga akwati: girman da ake ba malami kyauta, da hannayen da ke taya mace riƙon gida. Shekarar farko kacokan kan koyon rayuwa ba tare da waɗannan biyun ba take ƙarewa.

Zan yi miki magana kamar ke ce mai tafiyar. Idan ke ce mai zama a gida, ki daure ki bi ni, akwai naki a ƙasa.

Takardu, a gurguje

Shaidar da ake magana a kai sunanta QTS. An buɗe wa malamanmu ita ne a fannin lissafi, kimiyya da harsuna irin su Faransanci, ga masu koyar da yara 'yan shekara 11 zuwa 16, masu digiri da aƙalla shekara guda a aji, da kuma wasiƙa daga hukumar rajistar malamai ta Najeriya, TRCN. Ki riƙe wannan da kyau: QTS lasisi ne kawai, ba aiki ba ne. Sai kin nemi makaranta da kanki, ta yi miki intabiyu, sau da yawa ta sa ki koyar da darasin gwaji, sannan ta yarda ta ɗauki nauyin bizarki. Gwamnati na da shafin neman aikin koyarwa kyauta mai suna Teaching Vacancies. Duk wanda ya ce ki kawo miliyoyi ya sayar miki da takardar ɗaukar nauyi, ki riƙe kuɗinki. Makaranta ce ke bayar da ita, ba dillali ba. Dokokin shige da fice kuma a nan sun fi yanayin garin saurin sauyawa, don haka ki riƙa duba shafin GOV.UK da idonki, kada ki dogara da abin da wata ta yi shekara biyu da suka wuce.

Ajin da ba ya miƙewa

A gida idan kika shiga aji, ko yara tamanin ne a ciki, za su miƙe su gaishe ki. Kallo ɗaya ya isa ya kashe surutu. Idan bai isa ba, akwai kamun kunne, akwai tsallen kwaɗo, akwai bulalar da ke kan tebur wadda sau da yawa ba sai an ɗaga ta ba. Bayan haka kuma akwai uban yaron, wanda in ya ji malama ta hukunta ɗansa, ƙari zai yi.

A nan za ki tarar da yara kamar talatin ko ƙasa da haka, ga allo mai haɗe da kwamfuta, ga wuta ba ta ɗaukewa, ki ce ai wannan hutu ne. Kafin a tashi ranar farko za ki gane ba haka ba ne. Ba lallai su miƙe ba. Za su kira ki "Mis", su dube ki tsakar ido suna tambayarki dalilin da zai sa su yi abin da kika ce. A wurinmu yaron da ya sunkuyar da kai shi ne mai ladabi. A nan wanda ya ƙi kallonki shi ake ganin yana ɓoye wani abu. Wani zai kwaikwayi lafazinki, sauran su fashe da dariya. Wani zai ce bai gane Turancinki ba, alhali ya gane sarai, gwada ki yake yi. Sabon malami ko Bature ne sai sun gwada shi, balle wadda suka ji harshenta daban.

Duka kuma babu shi, ko da wasa. An hana shi a makarantun gwamnati tun 1987, a masu zaman kansu na Ingila kuma tun 1999. Ba bulala kaɗai ba: ranƙwashi, jan kunne, sa yaro durƙuso, buga masa littafi a ka, duk suna iya raba ki da aikin. Hukumar da ta ba ki QTS tana da ikon haramta miki koyarwa a ƙasar gaba ɗaya. Doka ta yarda malami ya shiga tsakani idan yara na dambe ko wani zai ji wa kansa rauni, amma iyakarta ke nan. Kalamai ma haka. "Daƙiƙi" ko "ba za ka taɓa yin albarka ba" da muka tashi muna ji a bakin malamanmu, a nan ƙara ce a ofishin shugaban makaranta kafin la'asar.

To da me za ki riƙe aji? Kowace makaranta tana da rubutaccen tsarin ladabtarwa, mataki-mataki: gargaɗi, sannan rubuta laifin a kwamfuta, sannan tsare yaro bayan an tashi, sannan fitar da shi zuwa wani ɗaki, sannan kiran iyaye. Ki haddace shi kamar yadda kika haddace jadawalin sau. Ƙarfinsa duk yana cikin maimaitawa. Idan kika ce gargaɗi na biyu zai jawo tsarewa, to ya jawo, yau da gobe da jibi, ga yaron da kike so da wanda ba kya so, cikin sanyin murya. Ranar da kika ɗaga murya kika fara tsawa, sun gane sun samo lagonki. Ki koyi sunayensu cikin mako biyu, ki tsara wa kowa wurin zama da kanki, ki tsaya a bakin ƙofa kina karɓarsu ɗaya bayan ɗaya. Idan yaro ya yi abin kirki, ki aika wa iyayensa saƙon yabo. Abin kamar wasa ne, amma yaron da aka taɓa yabonsa a gida ta dalilinki ba ya son ya zubar da wannan.

Ni a ganina akwai abin da tsarin nan ya fi namu, akwai kuma inda ya gaza. Yaron da ba ya tsoron malami yana iya cewa "ban gane ba", wanda yaranmu da yawa har su gama sakandare ba su iya furtawa. Amma kuma akwai ranakun da minti ashirin na darasi zai tafi wajen lallashin yaro ɗaya, sauran ashirin da tara suna jira. Ba sai kin yarda da komai ba kafin ki yi aiki da shi.

Za ki kuma tarar da yara masu buƙata ta musamman a cikin ajinki: mai galahanga, mai wahalar haɗa baƙaƙe, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya. Da yawansu suna da rubutaccen tsarin kulawa da doka ta tanada, wani lokaci har da mataimakiyar malama da ke zama kusa da su. Yaron da a gida za a ce masa taƙadari, a nan ana sa ran kin karanta fayil ɗinsa kafin ki shiga ajin.

Wani abin mamaki shi ne, wadda ta fi daɗewa a aiki ita ta fi shiga haɗari. Idan koyarwarki ba ta kai shekara biyu ba, za a sa ki cikin tsarin sababbin malamai na shekara biyu, da mai yi miki jagora, da ragin darussa. Idan kuwa kin shekara goma kina koyarwa, ƙwararriya ake ɗaukarki, a miƙa miki cikakken jadawali a ce bismillah. Kada girman kai ya hana ki. Ki roƙi a haɗa ki da wata tsohuwar hannu, ki nemi izinin zama a bayan ajinta ki ga yadda take yi da yaran nan da suka gagare ki. Za ki sha mamakin yadda suke lafawa a hannunta ba tare da ta ɗaga murya ba.

Ki kuma koyi jin maganar mutanen nan, domin ba sa faɗin abu kai tsaye. Idan shugaban sashenku ya ce miki cikin murmushi wataƙila zai yi kyau ki sake duba yadda kike gyara aikin yara, ba shawara yake ba ki ba, umarni ne. Shi kansa shugaban makarantar da sunansa na yanka malamai ke kiransa, babu ranka ya daɗe, babu rusunawa. Bakinki zai yi nauyi da farko. Zai saba.

Alherin da ke iya zama laifi

Wannan shi ne wurin da na fi jin tsoro wa 'yan'uwanmu, domin kyakkyawar zuciya ce ke jefa su. A gida malamar kirki ita ce wadda ke ba yaro kuɗin mota daga jakarta, ta rage masa hanya, ta ba shi lambar wayarta, ta kira marainiya gida ta ci abinci. A nan kowanne daga cikin waɗannan yana iya jawo bincike. Ba a ɗaukar ɗalibi a mota. Ba a ba shi kyauta a ɓoye. Ba a abota da shi a Facebook ko Instagram, ba a yi masa saƙo ta WhatsApp. Ba a rufe ƙofa daga ke sai shi. Ba don an zarge ki ba ne. An gina dokokin ne bayan abubuwa marasa daɗi da suka faru da yara a hannun manyan da aka amince da su, shi ya sa aka rufe ƙofar ga kowa.

Kafin ki fara aiki za a binciki tarihinki ta hukumar DBS, a kuma ba ki wani kundi na gwamnati kan kare yara a ce ki karanta. Kada ki sa hannu ki ajiye. Mu ma a asibiti irinsa muke bi. Ginshiƙinsa shi ne: idan yaro ya gaya miki wani abu da ya shafi duka, yunwa, lalata ko barazana a gidansu, ba kya yi masa alkawarin rufa asiri, ba kya binciken da kanki, ba kya kiran uwarsa ku sasanta irin na manya. Ki rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa, ki kai wa jami'in kare yara na makarantar a ranar. Kowace makaranta tana da shi; ki san sunansa da ofishinsa tun makon farko. Tun Oktoban 2015 kuma doka ta wajabta wa malamai da ma'aikatan lafiya a Ingila da Wales su sanar da 'yan sanda idan suka gano an yi wa yarinya 'yar ƙasa da shekara 18 kaciya. Mu da aka raina da "rufin asiri" wannan yana mana nauyi, musamman idan yaron ɗan ƙasarmu ne. Amma shirun shi ne laifin.

Ki shiga ƙungiyar malamai tun albashin farko. Manyan su ne NEU da NASUWT. Ranar da yaro ya yi miki ƙazafi, kuma yana faruwa, su ne za su ba ki wakili da lauya.

Ga wata 'yar ƙaramar magana daga ma'aikaciyar jinya: gyaɗa. Akwai yara a nan da ɗan ƙanƙanin abin da ya taɓa gyaɗa zai iya rufe musu numfashi cikin mintuna, shi ya sa makarantu da yawa suka hana shigo da ita kwata-kwata. Ƙuli-ƙuli, yajin ƙuli, kunun gyaɗa a fulas, duk ki bar su a gida. Ki san yaran ajinki masu wannan larura da masu asma, ki kuma san inda ake ajiye allurarsu ta gaggawa.

Albashi a takarda, albashi a hannu

A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, matakin farko na albashin malami a wajen Landan fam 31,650 ne a shekara. Idan aka buga shi da naira sai kai ya yi nauyi. Amma kafin ya shigo asusunki an cire haraji, an cire inshorar ƙasa, an cire fansho. Abin da zai rage bai wuce fam dubu biyu da 'yan kai ba a wata. A garuruwa da yawa hayar gida mai ɗaki biyu takan haɗiye kusan rabin wannan. Sai harajin ƙaramar hukuma da kowane gida ke biya, sai wuta da gas, waɗanda ke tashi da hunturu, sai kuɗin bas ko jirgin ƙasa. Kafin ki shiga gidan ma sai kin ajiye kuɗin jingina, wanda doka ta ƙayyade kada ya wuce hayar mako biyar, ga hayar watan farko. Albashin kuwa sai ƙarshen wata.

Akwai kuma kuɗin lafiya da ake biya tare da biza, na duk shekarun a dunƙule. Tun Fabrairun 2024 fam 1,035 ne ga babba a shekara, 776 ga yaro. Mu ma'aikatan lafiya an yafe mana shi, malamai ba a yafe musu ba. Uwa da uba da yara biyu a bizar shekara uku, fam 10,866 ke nan, ban da kuɗin bizar kanta da tikiti. Yawancin iyalai da bashi suke sauka, ko da kuɗin fili ko gwal ɗin da aka sayar. Bizar aiki kuma ba ta ba ki damar karɓar tallafin gwamnati irin kuɗin yara da 'yan ƙasa ke samu.

Abin da ya fi wannan duka nauyi a zuciya shi ne, bizarki a ɗaure take da makarantar da ta kawo ki. Idan aikin ya ƙare, yawanci kwana 60 ake ba mutum ya samu wata mai ɗaukar nauyi ko ya bar ƙasar. Wannan ne ke sa malama ta haɗiye abin da bai kamata ta haɗiye ba. Ki sani ana iya sauya makaranta, mutane suna yi. A yawancin makarantu ranakun ƙarshe na ba da sanarwar barin aiki su ne 31 ga Oktoba, 28 ga Fabrairu da 31 ga Mayu, kuma a kusa da su guraben aiki suka fi fitowa. Ki fara samun sabuwar kafin ki saki tsohuwar.

A takarda malami kwana 195 yake aiki a shekara, awa 1,265. Ba a lissafa tsara darasi da makin da ake yi a teburin cin abinci da daddare ba, ko imel ɗin iyaye, ko ranar ganawa da su da kan kai har bayan Isha'i. Ga hukumar Ofsted mai duba makarantu, wadda takan sanar ana gobe za ta zo, gari ya kwana ba barci.

Nuwamba

Makaranta a Satumba take buɗewa, gari da sauran haske, ke ma da sauran ɗoki. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga nan duhu ya fara cin rana. A Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas, ta faɗi kafin huɗu. Ki fita da duhu, ki dawo da duhu. Mu da muka saba ko a tsakiyar hunturun Kano rana ta fi awa goma sha ɗaya a sama, jikinmu ba ya gane wannan. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu nan ne na fi ganin mutane suna karyewa.

Salla ma sai kin yi mata tsari. Da hunturu Azahar na shiga wajen sha biyu, La'asar kafin biyu, Magariba kafin huɗu, wato kusan duka a cikin lokacin aiki. Dokar daidaito ta 2010 ta hana nuna bambanci saboda addini, kuma malamai masu hijabi suna da yawa, musamman a garuruwa irin su Bamingam, Bradford da gabashin Landan. Ki tambayi ɗakin da za ki riƙa salla tun farko, yawanci ana samu. Niƙabi a cikin aji daban ne: a 2006 wata kotun ma'aikata ta goyi bayan makarantar da ta ce mataimakiyar malama ta buɗe fuskarta lokacin koyarwa. Hutun Sallah kuma babu shi a kalandar makaranta. Sai kin nema da wuri, a rubuce.

Yanzu bari in sa rigar aikina. Hukumar lafiya ta NHS tana ba kowa shawarar shan bitamin D, maikirogiram 10 a rana, daga Oktoba zuwa Maris, ga masu duhun fata da masu rufe yawancin jikinsu kuma duk shekara. Mu mun haɗa biyun. Ciwon ƙashi da kasalar da kike ɗora wa aiki, wani lokaci wannan ne. Ki yi rajista da likitan unguwa a makon farko, kyauta ne, kada ki jira sai ciwo ya zo. Ki taho da katin rigakafin yara. Idan akwai mai sikila a gidan, ki faɗa ranar rajistar, domin sanyi na tayar da ciwon kuma akwai asibitoci na musamman da za a haɗa ku da su. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba a sayar da shi a kemis haka kawai. Idan abu ya taso da dare kuma ba na rai-kwakwai-mutu-kwakwai ba ne, 111 ake kira. Na gaggawa 999.

Kewar gida ba ciwo ba ce, kowa yana yi. Amma idan kika kai mako biyu barci ya ƙaurace, abinci ba ya shiga, kuka na zuwa ba dalili, ko kika ji ba kya son wayewar gari, wannan ya wuce kewa. Ki ga likita. Ba raunin imani ba ne, ba kuma za a kore ki daga aiki don kin nemi taimako ba.

Gidan da babu kowa

A gida ko ba ki da 'yar aiki, akwai ƙanwar miji, akwai Inna, akwai maƙwabciyar da za ki leƙa ta katanga ki ce ga yara nan. A nan ƙarfe uku da 'yan mintuna ake tashin yaran firamare, a lokacin ke kina tsakiyar aikinki, kuma sai babba ya je ya karɓe su. Makarantar gwamnati kyauta ce, 'yan shekara uku da huɗu ma suna da awa 15 na reno kyauta a mako, amma renon jariri na iya cinye abin da haya ta rage. Barin ƙananan yara su kaɗai a gida, wanda a wurinmu ba komai ba ne in dai akwai 'yar shekara tara, a nan yana iya kawo jami'an kula da yara bakin ƙofarki. Dukan da ya bar shaida a jikin ɗanki ma haka. Malamarsa za ta bi dokar nan da ke ma kike bi. Idan kika ɗauke yara daga makaranta don biki a gida ba lokacin hutu ba, tarar tana farawa daga fam 80 kan kowane yaro, ga kowane ɗaya daga iyayen.

Sai maigida. A dokar biza, ba a cika barin uwa ta taho da yara ta bar ubansu a gida ba, sai in ita kaɗai ke da alhakinsu, don haka yawanci tare ake tahowa. Mutumin da ke da ofis da direba, ko shago da yara a ƙarƙashinsa, sai ya wayi gari sunansa a ƙarƙashin bizar matarsa yake, yana aikin dare a rumbun kaya, da rana yana kai yara makaranta. Wasu mazan suna ɗaukar wannan da kyakkyawar zuciya har ki ji kunya. Wasu kuma abin yana cinsu a ciki, ya fito ta hanyar shiru ko faɗa a kan gishirin miya. Ku yi maganar tun kuna gida, ƙarara: wa zai dafa, wa zai kai yara, kuɗin wa zai biya me, nawa za a aika wa dangin kowa. Maganar da aka ji nauyin yi a Kaduna, a cikin sanyi da bashi za a yi ta, kuma ba za ta yi daɗi ba.

Ki nemi mutane da gangan, domin a nan ba a faɗo wa juna gida. Masallacin unguwa ko coci, shagon kayan Afirka inda za ki samu garin kuka da busasshiyar kuɓewa, iyayen abokan yaranki a bakin get. Malama ɗaya a ɗakin malamai da za ki iya ce wa "yau na sha wuya" ta fi miki zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu.

Ke da kika rage a gida

Idan 'yarki ce ko ƙanwarki ta tafi, ki ba ta shekara guda kafin ki fara lissafi da aljihunta. Hoton da ta turo cikin dusar ƙanƙara da sabuwar riga ba shaidar kuɗi ba ne. Rigar dole ce, wataƙila ma a shagon gwanjo ta saye ta. Ki tare mata 'yan'uwa masu turo lambar asusu. Idan ta ce miki yara sun yi mata rashin kunya, kada ki ce ta ci ubansu, ba ta da wannan damar. Idan ta ce ta gaji, kada ki tuna mata mutum nawa ne ke neman abin da ta samu. Ta sani, shi ne ma ya hana ta faɗa miki tun watan jiya.

Idan za ki ba wani saƙo ya kai mata, ki cire kilishi, dambun nama da man shanu. An hana shigo da nama da kayan madara daga Najeriya, ƙwacewa za a yi a filin jirgi.

Kiran waya kuma ki duba lokaci. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya ne da na gida; sauran watannin muna bayanku da awa ɗaya. Wayarta a kashe take ko a jaka tun safe har wajen ƙarfe huɗu, ba share ki ta yi ba. Hutun mako guda na tsakiyar zango yana zuwa a ƙarshen Oktoba, tsakiyar Fabrairu da ƙarshen Mayu, lokacin ne za ki same ta da doguwar hira. A sauran makonni, ki kira ta ranar Lahadi da yamma. A lokacin ne littattafan da ba ta gama makin ba suke jibge a gabanta, Litinin kuma tana leƙowa.